Fatar akuya mai shayarwa: Asarar da masu kiwon zamani ke yi a ƙasar Jega ba su ankara ba

Kiwon awaki da tumaki ya zama asusun ajiyar ma'aikaci da ɗan kasuwa a Jihar Kebbi. Mutum yana zaune a Birnin Kebbi ko Sakkwato, sai ya sayi uwaye goma ko ashirin a kasuwar Jega, ya kai su Kimba ko wani ƙauye na ƙasar Aliero ko Maiyama, ya gina musu garke na bulo da rufin kwano, ya zuba daɓen siminti, ya damƙa wa wani ɗan'uwa ko yaron gida amanarsu. Lissafin da yake yi a ransa mai sauƙi ne: akuya tana ɗaukar ciki wata biyar, jar akuya kuma ba ta rowar tagwaye, saboda haka kafin shekara biyu garke ya ninka.

Wurin da wannan lissafi yake yawan karyewa shi ne watanni biyu zuwa uku da uwa take shayarwa. A cikinsu ne take ramewa, cuta ta sami ƙofa, 'ya'ya su tsumbure ko su mutu. Kuma kafin duk wannan ya fito fili, fatar uwar ta riga ta ba da labari ga wanda ya san kallonta.

Abin da shayarwa ke ci a jikin uwa

Akuyar da ta haifi biyu tana bukatar abinci kusan ninkin wanda take ci lokacin da ba ta da ciki. Nono yana kai ƙololuwarsa a makonnin farko bayan haihuwa, daidai lokacin da cin abincinta bai gama dawowa ba. Giɓin da ke tsakanin abin da take ci da abin da take fitarwa, daga jikinta take cike shi. Da farko kitse ne yake narkewa, sannan tsoka. Idan haihuwar ta faɗo a bazara, lokacin da harawa ta yi tsada kuma fili ya zama ƙura, ramar takan yi sauri har mai garken da ya yi wata guda bai leƙo ba ya kasa gane dabbarsa.

A daidai wannan lokaci garkuwar jikin uwa takan yi rauni. Likitocin dabbobi sun daɗe da sanin cewa tsutsar ciki tana ƙara yawa a jikin tunkiya da akuya gab da haihuwa da kuma lokacin shayarwa, musamman irin tsutsar nan mai shan jini a tumbi. Uwa ce ke zubar da ƙwan tsutsar a kashinta, 'ya'yanta kuma su tsinci ƙananan tsutsotsin da suka ƙyanƙyashe daga ƙwan da zarar sun fara lasar ciyawa. Kwarkwata da ƙwayar ƙazuwa, waɗanda dabba mai ƙoshi take iya zama da su ba tare da sun kayar da ita ba, su ma sai su yi mata rubdugu.

Fata ita ce take fara nuna wannan. Gashi ya daina sheƙi ya tashi tsaye, amosani ya fito a gadon baya, ƙasusuwan ƙugu da na kafaɗa su tsero. Kitsen da ya narke shi ne katifar da ke tsakanin ƙashi da ƙasa. Da zarar ya tafi, duk kwanciyar da uwa za ta yi, fatarta ce kaɗai take shiga tsakanin ƙashinta da daɓe.

Darasi daga gonakin aladu

Babu dabbar da aka bincika wannan matsala a kanta kamar macen alade mai shayarwa. Alade ba dabbar yawancin masu karanta wannan shafi ba ce, ko da yake ana kiwonsa a wasu sassan ƙasar Zuru da kudancin Kaduna, inda kasuwar aladu ta Kafanchan ta yi suna a duk faɗin Najeriya. Amma ilimin da aka samo daga manyan gonakin aladu na Turai ya shafi duk wata uwa da aka tsare a kan daɓe mai tauri, don haka yana da kyau mai kiwon awaki ya san shi.

A waɗancan gonaki, macen alade tana ɗaukar ciki kwana 114, kuma kafin ta haihu akan shigar da ita wani kejin ƙarfe daidai jikinta, wanda ba ta iya juyawa a ciki. An ƙirƙiro shi ne don kada ta kwanta a kan 'ya'yanta ta danne su, ya kuma bazu tun daga shekarun 1960. A cikinsa take zama makonni uku zuwa huɗu ko fiye, tana shayar da 'ya'ya goma sha biyu ko sama da haka. Sakamakon da aka riƙa gani a ƙasashe irin su Denmak shi ne gyambon kafaɗa. Uwar da ta rame tana kwanciya ta gefe guda na tsawon sa'o'i, ƙashin kafaɗarta ya matse fata da siminti ko ƙarfe, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, ya buɗe ya zama miki. Irin gyambon nan ne dai da yake fitowa a jikin majinyacin da ya daɗe a kan gado ba a juya shi. Binciken ya nuna cewa ramammun uwaye, da waɗanda suka yi haihuwa da yawa, da masu ciwon ƙafa da ke ƙyuyar tashi, su ne suka fi kamuwa, kuma wadda ta taɓa yi sau ɗaya tana saurin maimaitawa. Maganin da ya yi aiki ba mai tsada ba ne: a kula kada uwa ta shiga haihuwa a rame, a shimfiɗa mata tabarmar roba ko ciyawa, a ba ta filin motsi.

Maganar ta kai ga doka. Suwidin ta hana tsare uwa a irin wannan keji tun 1988, Suwizalan ta bi baya a 1997, Norwe a 2000. A Tarayyar Turai mutum kusan miliyan 1.4 suka sa hannu a takardar neman a daina kiwon keji baki ɗaya, hukumar tarayyar kuma ta yi alkawari a 2021 cewa za ta kawo dokar da za ta kawar da shi a hankali, alkawarin da aka yi ta ɗagawa.

Abin lura a nan shi ne, daɓen simintin da ɗan kasuwarmu yake zubawa a garkensa da sunan zamani, shi ne abin da waɗancan suka kashe shekaru suna neman hanyar tausasawa. Akuya ba ta kai alade nauyi ba, don haka gyambonta ba ya yin zurfi irin nasa. Nata yakan fito a gwiwa, da ƙirji, da ƙashin ƙugu: gashi ya goge, fata ta yi kanta, daga baya ta tsage. Siminti ba ya shan fitsari. Da rana a watan Afrilu yana ɗaukar zafi a ƙarƙashin kwano, da daren hunturu kuma ya yi sanyi ƙalau, uwa da jarirai suna kwance a kai. Tsohuwar da ke ɗaure akuyarta a ƙarƙashin rumfar kara a kan yashi, tana share wurin kowace safiya tana tara taki, ta fi mai bulo da kwano kusa da daidai, ko da ba ta taɓa jin labarin Denmak ba.

Hantsa da bakin ɗa

Mafi haɗarin ciwon fata ga mai shayarwa shi ne wanda ya kama kan nono. Akwai wata cuta da ke fitar da ƙuraje masu ɓawo a leɓɓan 'yan awaki da 'yan tumaki, wadda kowane makiyayi ya sani da gani. Ƙwayar bairus ce ke kawo ta, kuma a kan bakin ɗa kaɗai ba ta cika kisa ba, takan warke da kanta cikin makonni uku zuwa huɗu. Matsalar tana farawa ne idan ɗa ya shafa wa uwar a kan nono. Wurin ya yi ƙuraje ya tsattsage, uwa ta ji zafi ta fara harbin ɗanta duk lokacin da ya matso. Nono ya taru a hantsa ba a tsotse ba, ƙwayoyin cuta su bi ta tsagar su shiga ciki, hantsa ta kumbura ta yi tauri da zafi. Ɗa yana yunwa, sai ya koma satar nonon wata uwar, ya kai mata cutar. Cikin kwana goma abin da ya fara da ƙurji ɗaya ya zagaye garke.

Yaron da aka bar wa kiwo yakan ba da rahoto cewa akuya ta ƙi ɗanta. Da wuya akuya ta ƙi ɗan da ta riga ta lasa ta karɓa ba tare da dalili ba, kuma dalilin yawanci yana ƙarƙashinta, inda ba wanda ya durƙusa ya duba. Idan kumburin ya yi tsanani, ɓangare ɗaya na hantsar yakan mutu gaba ɗaya. Akuya nono biyu gare ta. Wadda ta rasa ɗaya ba za ta sake riƙe tagwaye yadda ya kamata ba, dillalin Jega kuwa hannunsa yakan fara zuwa hantsa kafin ya buɗe baki ya yi tayi.

Babu allurar da ke kashe wannan bairus. Abin da ake yi shi ne a ware uwa da 'ya'yanta daga sauran, a riƙa tatse nonon a hankali don kada ya taru, a ba ɗan a kwalba idan ta hana shi, a wanke ƙurajen da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ɓawon da ya faɗi ƙasa yana riƙe cutar na tsawon watanni a busasshen wuri, don haka sharewa da ƙonawa wajibi ne. Cutar tana kama mutum a yatsa idan akwai ƙujewa, saboda haka mai tatsa ya sa safar hannu ko ko da leda ce.

Damina, kirci da ƙazuwa

Ƙasar Jega ƙasar fadama ce, kogin Zamfara ya ratsa ta, kuma wanda ya ga ambaliyar 2020 ya san yadda ruwa yake kwanciya a wannan yanki. Da damina ana ɗaure dabbobi a turke don kada su shiga gonakin mutane. Uwar da aka ɗaure wuri guda, ruwa yana dukanta, taɓo da fitsari suna ƙarƙashinta, ita ce abincin kirci. Ƙwayar kirci tana iya zama shiru a kan fata, sai fatar ta jiƙe ta yi laushi sannan ta motsa ta shiga, kaska da ƙudaje masu cizo kuma su buɗe mata hanya. Gashi ya cure tsibi-tsibi, idan aka ja ya fita da ɓawo ya bar jan miki. Igiyar turken kanta, idan ta jiƙe ta bushe, tana cin ƙafa ko wuya.

Ƙazuwa kuma wata 'yar ƙwaro ce da ido ba ya gani, tana haƙa rami a cikin fata tana zuba ƙwai. Dabba ta yi ta susa da bango, ta bar cin abinci, nono ya ragu. Allurar da aka fi sani a kasuwa da sunan Ivomec tana kashe ƙwaron, amma ba ta kashe ƙwansa. Shi ya sa ake maimaita ta bayan kwana goma zuwa sha huɗu, kuma ake yi wa duk garken, ba wadda ta fi nuna alama kaɗai ba. Yawancin masu cewa maganin jabu ne, allura ɗaya suka yi suka tsaya. Ga wani abu da ba a cika faɗa ba: wannan magani yana daɗewa yana fita a cikin nono, don haka gidan da ake dama fura ko ba yara nonon akuyar, sai an dakata har tsawon kwanakin da likitan dabbobi ya ƙayyade. Haka ma allurar nan da makiyaya ke kira LA, wadda ake yi wa kirci.

Sai kuma al'adar shafa baƙin man inji a jikin dabba mai ƙazuwa. Ana yi ne don araha, kuma wani lokaci susar takan lafa, shi ya sa al'adar ta ƙi mutuwa. Amma baƙin mai yana ɗauke da guba da burbushin ƙarfe, yana ƙona fata, uwa ta lasa, ɗa ya tsotsa a jikin hantsa. Haka nan fesa maganin ƙwarin gona, wanda yake a kowane gida a yankin da ake noman albasa da shinkafa. An yi shi ne don ganye, kuma awon da zai kashe kaska yana iya kashe ɗan akuya mai mako biyu.

Asara ta biyu tana wajen majemi

Da a ce wata akuya ce daban, da maganar ta tsaya a kan nono da 'ya'ya. Amma jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira jar akuyar Maraɗi, fatarta tana cikin mafi daraja a duniya saboda laushinta da ƙarfinta da kyawun fuskarta. Ita ce fatar da fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita tun ƙarnoni da suka wuce, Turawa suka saye ta a tashoshin Arewacin Afirka suka laƙaba mata sunan fatar Maroko. Jamhuriyar Nijar ta kafa cibiya musamman don wannan akuya a Maraɗi tun shekarun 1960. A Najeriya akwai cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika da cibiyar fasahar fata ta NILEST a Zariya, kuma fatun da ake tarawa daga kasuwannin Kebbi da Sakkwato da Zamfara suna ƙarewa ne a masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano.

Majemi yana ganin abin da mahauci ba ya gani. Idan aka cire gashi aka jeme fata, duk tarihin dabbar yana fitowa. Inda kaska ta ciza ya zama ɗan huji. Kirci da agana suna barin tabon da rini ba ya rufewa. Akwai irin ƙazuwar da ke yin ƙulli a ƙarƙashin fata, ba ta ma sa susa, sai bayan jima a ga ramuka kamar an huda da ƙusa. Fatar dabbar da ta daɗe a rame takan fito sirara mara ƙwari. Irin wannan fata ba ta shiga sahun farko da ake fitarwa waje don takalma da jakunkuna masu tsada, sai a mayar da ita sahun baya da ƙaramin farashi.

Gaskiya ne mai kiwo ba ya ganin wannan kuɗi kai tsaye. Yana sayar da dabba a tsaye, mahauci ya sayar da fata ga mai tarawa, kusan kuɗi ɗaya ko mai kyau ko mara kyau. Wannan shi ne babban aibin kasuwar fata a Arewa: wanda ke da ikon kare fatar tun tana jikin dabba, ba a biyansa ladan yin hakan. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka kafa a 2024 tana da aiki a nan, idan har za a kai ga ranar da fata mai kyau za ta fi mara kyau kuɗi tun daga kasuwar ƙauye. Kafin ranar, mai garke yana da nasa dalilin, domin duk abin da ke ɓata fatar uwa shi ne yake rage nononta.

Abin da mai garke zai duba da hannunsa

Magabata ba su ɗauki mai shayarwa kamar sauran dabbobi ba. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo cewa Sayyidina Umar ya hana mai karɓar zakka ya ɗauki dabbar da ke renon ɗanta ko wadda ta kusa haihuwa, malaman fiƙihu kuma sun yi magana a kan cewa kada a tatse uwa har a cuci ɗanta. A garken yau, ware ta yana nufin ɗaki ko shinge nata daban, domin idan aka zuba dusa wuri ɗaya, bunsuru da manyan awaki marasa ciki su ke cinyewa, ita ta tashi da ƙura.

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙarin abinci yana farawa ne makonni shida kafin haihuwa, lokacin da ɗan tayi yake yin mafi yawan girmansa, ya ci gaba har a yaye. Harawar wake da ta gyaɗa, da kowa, da dusa, da 'ya'yan gawo, da ɗan ƙuli-ƙuli ko anguriya, duk ana samunsu a yankin, kuma sayensu da kaka ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan sayensu a watan Mayu. A kula da dusar shinkafa, tun da injinan casa sun yawaita a Kebbi: wadda aka cakuɗa da ɓuntu cika ciki kawai take yi. Mutanen Aliero kuma su yi hattara da zuba wa mai shayarwa ragowar albasar da ta lalace. Kaɗan ba ya komai, amma mai yawa yana fasa ƙwayoyin jini, yana kuma canza ɗanɗanon nono. Ruwa mai tsabta ya kasance a gabanta duk yini, ba sau ɗaya da yamma ba, saboda mafi yawan nono ruwa ne.

Wanda ya riga ya zuba siminti ba sai ya fasa ba. Ya zuba yashi mai kauri a kai, ko ɓuntun shinkafa, ko tattakar gero, a riƙa kwashewa ana sabuntawa, a kuma tabbatar daɓen yana da gangara da fitsari zai bi ya fita. Sabuwar dabba daga kasuwa ta yi mako uku a ware kafin ta shiga cikin masu jego. Rigakafin annobar ƙananan dabbobi ta PPR, wanda cibiyar Vom ta Jihar Filato ke yi, a neme shi ta ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma kafin lokacin haihuwa.

Ranar da mai garke ya zo daga birni, ƙidaya kai ba ta isa ba. Ya kama kowace mai shayarwa, ya ɗora tafin hannu a gadon bayanta wajen ƙugu: idan ƙasusuwan suna sukar hannu kamar haƙoran zarto, ta rame ko da gashi ya ɓoye. Ya ja fatar idonta ta ƙasa: ja ko ruwan hoda lafiya ce, fari kuwa tsutsa ta sha jini. Ya buɗa gashin wuya da gindin wutsiya ya nemi kwarkwata, ya duba gwiwa da ƙirji da inda igiya take zama. Sannan ya durƙusa ya taɓa hantsa ɓangare biyu, ya tatsa kaɗan a tafin hannu ya ga ko akwai gudaji ko jini, ya duba leɓɓan 'ya'yan. Uwa ashirin ba za su ci masa awa ɗaya ba. Idan ba zai iya zuwa ba, ya ce wa yaron ya turo masa hoton hantsa da na gwiwa ta WhatsApp, maimakon hoton garken daga bakin ƙofa.